Me Ya Sa Masu Yadi a Briketeri Ke Yagawa Maimakon Yankawa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon yadi a Briketeri, tsohuwar unguwar Hausawa a Yawunde, ya san wannan ƙarar. Mai shago zai ɗan tsaga bakin yadi da almakashi, ya kama da hannu biyu, ya fizga, ƙiii! Baƙuwa sai ta dafe ƙirji: "Haba Alhaji, ka ɓata mini kaya!" Shi ko sai ya ce, "Hajiya, ai gyara miki na yi."

Da gaskiyarsa. Yadi saƙa ne, zaren tsaye da zaren kwance. Almakashi ido yake bi, ido kuwa yana kuskure. Yaga kuwa zare ɗaya take bi, daga wannan baki har wancan.

Inda wannan ya fi amfani shi ne wajen ɗinka mayafin gado na ƙyallaye. Yawunde gari ne na tuddai, dare da sanyi-sanyi, balle da damina. Ga teloli a kowane lungu na unguwar, ƙyalle ba ya yankewa. Uwargida za ta harhaɗa su ta yi fuskar mayafi, amma bayansa sai da yadi mai faɗi. Faɗin atamfa bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, ba zai rufe babban gado ba, dole a haɗa falle biyu ko uku. To idan falle ɗaya ya karkace, wankin farko zai tona asiri: ɗinki ya tattare, kusurwoyi su ƙi haɗuwa. In na ɗakin amarya ne, ga asarar kuɗi, ga kunya gaban dangin miji.

Don haka a fara wanke yadin, saboda na auduga yana tsukewa. A yage gefen nan mai tauri inda ake buga sunan kamfani, domin shi ke jan ɗinki. A yi tsaga kaɗan, a ja da ƙarfi lokaci guda, ban da sanda. Bakin zai ɗan nannaɗe. A goge shi, a rage kamar santimita ɗaya. Sai a sayi yadi da ɗan rara, kada ya gaza.

Amma fa ba kowane yadi ke son yaga ba. Zanen auduga zalla, irin wanda kamfanin CICAM ya saba saƙawa a Garwa ya buga masa zane a Duwala, yana yaguwa sumul. Leshi da yadi mai talewa kuwa, almakashi ne nasu. Atamfa mai araha kuma, wani lokaci an buga adonta a karkace, sai yaga ta ratsa fure. Irin wannan a bar ta a fuska cikin ƙananan ƙyallaye, kada a yi baya da ita.

Tun ran gini, tun ran zane. Bayan mayafi ba a ganinsa, amma shi ke riƙe da fuskar.