Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirin Jarrabawar Shiga Jami'a

A zamanin da, idan Bahaushe zai yi doguwar tafiya, yakan ɗauki ruwan sha a cikin gora. Amma gora ba ya zama abin zuba ruwa a rana ɗaya. Sai an yanke bakinsa, an kwashe 'ya'yan da ke ciki, an jiƙa shi na wasu kwanaki har ɗacinsa ya fita. Wanda ya bar wannan aiki sai ranar tafiya, ko dai ya sha ruwa mai ɗaci, ko kuwa ya tafi da ƙishirwa. Shi ya sa Hausawa suke cewa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku ma, ɗalibai, akwai tafiya a gabanku. Idan kun kammala aji uku na babbar sakandare, da yawa daga cikinku za su nemi shiga jami'a, ko kwalejin kimiyya da fasaha, ko kwalejin ilimi. Kowace shekara fiye da mutum miliyan ɗaya ne suke rubuta jarrabawar shiga waɗannan makarantu, kuma guraben karatu a jami'o'in da aka fi nema ba sa isar kowa. Jarrabawar awa biyu ce kawai, amma abin da take aunawa karatun shekara uku ne. Saboda haka shirinta yana farawa ne tun daga aji ɗaya.

Ƙofofi uku

Mai neman shiga jami'a a Nijeriya yakan bi ta ƙofofi uku.

Ƙofar farko ita ce jarrabawar kammala sakandare. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da hukumar NECO, wadda aka kafa a 1999, su ne suka fi shahara wajen shirya ta. Jami'o'i suna neman kiredit biyar a darussan da suka dace da fannin da ɗalibi yake so. Ingilishi yana cikinsu, kuma fannoni da yawa suna neman Lissafi. Sakamako daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit. D7 da E8 ba kiredit ba ne, F9 kuwa faɗuwa ce.

Ƙofa ta biyu ita ce jarrabawar UTME, wadda hukumar JAMB take shiryawa. An kafa wannan hukuma a 1978. Kafin lokacin, kowace jami'a ita take tantance ɗalibanta da kanta, har mutum ɗaya yakan sami gurbi a jami'o'i biyu ko uku, wani kuma ya rasa. A 2010 ne aka fara yi wa masu neman jami'a da masu neman kwaleji jarrabawa ɗaya.

Ƙofa ta uku ita ce tantancewar da makarantar da kuka zaɓa za ta yi muku. Wasu jami'o'i suna shirya wata jarrabawa tasu. Wasu kuwa suna haɗa makin UTME da sakamakon sakandare, su fitar da jimilla.

Wanda ya wuce ƙofa biyu ya maƙale a ta uku, bai shiga gida ba. Don haka kada shirin ɗaya ya sa ku manta da sauran.

Yadda jarrabawar UTME take

Kowane ɗalibi yana rubuta darussa huɗu. Ingilishi dole ne ga kowa, sauran ukun kuma sun danganta da fannin da ake nema. Tambayoyin Ingilishi 60 ne, sauran darussa uku kuma 40 kowanne. Jimilla tambayoyi 180 ke nan. Kowane darasi yana da maki 100, gaba ɗaya maki 400. Kowace tambaya tana zuwa da amsoshi huɗu, A zuwa D, sai ɗalibi ya zaɓi ɗaya. Tun daga 2015, da kwamfuta ake yin jarrabawar, ba da takarda da fensir ba.

Yanzu ku yi wannan ɗan lissafi. Awa biyu minti 120 ne, wato daƙiƙa 7,200. Idan aka raba 7,200 gida 180, kowace tambaya ta sami daƙiƙa 40. A cikin waɗannan daƙiƙoƙi za ku karanta tambaya, ku fahimce ta, ku yi lissafi idan da lissafi, sannan ku zaɓi amsa. Ɗalibin da ya haddace abu jiya da dare zai ɓata lokaci yana ƙoƙarin tunawa. Wanda ya daɗe da sanin abin kuwa, da ganin tambaya zai gane amsa.

Zaɓen darussa

Babban kuskuren da yake hana ɗalibai gurbin karatu yakan faru ne tun kafin su shiga ɗakin jarrabawa. Kowane fanni yana da darussan da dole a haɗa masa. Mai son karatun likita zai rubuta Ingilishi da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Mai son aikin injiniya zai rubuta Ingilishi da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Mai son aikin lauya kuwa, yawancin jami'o'i suna neman Adabin Ingilishi a cikin darussansa.

A ce wata ɗaliba tana son zama injiniya, amma ta yi rajista da Bayoloji a maimakon Lissafi. Ko da ta sami maki 300, ba za a ba ta wannan fanni ba, domin darussanta ba su dace ba. Shekara guda ta tafi ke nan saboda kuskuren minti biyar.

Hukumar JAMB tana da kundi wanda ya jera kowane fanni, da makarantun da suke koyar da shi, da darussan da suke nema. Ana samunsa kyauta a shafinta na intanet. Ku duba shi tun kuna aji ɗaya, lokacin da ake raba ku zuwa ajin kimiyya ko na adabi ko na kasuwanci. Ku tattauna da iyayenku da malamin da yake ba da shawara a makarantarku. Ku faɗa musu gaskiya game da darussan da kuka fi ƙarfi a kai.

Hausa ma tana cikin darussan UTME, kamar Yarbanci da Ibo. Sai dai ku sani cewa tambayoyinta sun haɗa da nahawu da al'adu da adabi, kuma akwai littattafan da aka zaɓa waɗanda dole a karanta. Idan kuna sha'awar rubuta ta, ku duba manhajarta tare da malaminku na Hausa tun da wuri. Ana karanta Hausa har matakin digiri a Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato.

Karatu kaɗan-kaɗan, amma kullum

Kowane darasi yana da manhaja, wato jerin batutuwan da za a yi tambaya a kansu. Ku samo manhajar darussanku huɗu. Duk batun da aka koyar a aji, ku sa masa alama. Wanda ba a koyar ba, ku tambayi malami, ko ku karanta da kanku. Ta haka za ku san abin da ya rage muku.

Bayan haka ku tsara jadawali wanda za ku iya bi. Awa biyu kowace rana, na tsawon shekara, ya fi kwana bakwai ana karatu ba barci. Dalili kuwa shi ne, ƙwaƙwalwa tana saurin mance sabon abu idan ba a waiwaye shi ba. Abin da kuka koya yau, ku sake duba shi gobe, sannan bayan mako guda, sannan bayan wata guda. Kuma kada ku tsaya ga karantawa kawai. Ku rufe littafi, ku rubuta abin da kuka tuna, sannan ku buɗe ku ga abin da kuka manta. Kun riga kun san wannan hanya, domin da ita kuke koyon kalmomin Hausa.

Ku fi ba da lokaci ga darasin da yake ba ku wuya. Daga maki 40 zuwa 60 ya fi sauƙin hawa a kan daga 80 zuwa 90. Ingilishi kuma ku ba shi kulawa ta musamman, tun da shi ne mai tambayoyi mafi yawa. Akwai littafin labari da hukumar take zaɓa domin wannan darasi, kuma takan canja shi lokaci-lokaci. Ku tabbatar da wanda ake amfani da shi a shekararku, ku karanta shi daga farko har ƙarshe.

Tambayoyin shekarun baya suna da amfani ƙwarai, amma ba don a haddace amsoshinsu ba. Idan kun faɗi wata tambaya, ku nemi dalilin da ya sa kuka faɗi. Ku tanadi ɗan littafi na rubuta kurakuranku, ku riƙa duba shi kowane mako.

Sabawa da kwamfuta da agogo

Ba sai kun ƙware a kwamfuta ba kafin ku yi wannan jarrabawa. Madannai kaɗan ne ake buƙata. A da B da C da D na zaɓen amsa ne. N yana kai ku tambaya ta gaba, P yana mayar da ku baya, S kuma na miƙa aiki ne idan an gama. Duk da haka, wanda bai taɓa zama gaban kwamfuta ba yana iya ruɗewa. Ku yi amfani da ɗakin kwamfuta na makarantarku, idan akwai. Hukumar takan shirya jarrabawar gwaji kafin ta ainihi. Ba dole ba ce, amma wanda ya sami hali ya yi ta.

A watanni uku na ƙarshe, ku riƙa gwada kanku sau ɗaya a mako. Ku ajiye agogo, ku amsa tambayoyi 180 a cikin awa biyu ba tare da tashi ba. Ku fara da darasin da kuka fi iyawa. Tambayar da ta gagara, ku tsallake ta, ku dawo mata daga baya.

Rajista da ranar jarrabawa

Tun daga 2021, ba a yin rajistar UTME sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Ku nemi taku tun kuna aji biyu, kafin layi ya yi tsawo. Ku tabbatar sunanku da ranar haihuwarku iri ɗaya ne a takardun NIN da na WAEC ko NECO da na JAMB. Bambancin harafi ɗaya yana iya jawo wahala. Ku yi rajista a cibiyar da hukumar ta amince da ita kaɗai, kuma ku karanta duk abin da aka cike kafin a aika. Layin wayar da kuka yi rajista da shi, ku adana shi da kyau, domin za ku ci gaba da buƙatarsa.

Ana gobe jarrabawa, ku riga kun san inda cibiyarku take da yadda za ku isa can. Ku yi barci sosai, ku fita da wuri, ku riƙe takardarku ta shiga. Za a duba zanen yatsunku a ƙofa. Ba a shiga da waya ko agogo ko kalkuleta, amma akwai kalkuleta a cikin kwamfutar.

Za ku iya haɗuwa da masu cewa suna da amsoshi na sayarwa, ko za su ƙara muku maki idan kun biya kuɗi. Ku guje su. Mafi yawansu 'yan damfara ne, kuma satar amsa laifi ce a dokar Nijeriya. Wanda aka kama, ana iya soke sakamakonsa, a kuma gurfanar da shi gaban kotu.

Bayan sakamako ya fito

Idan makinku bai kai abin da fanninku yake nema ba, kada ku karaya. Kuna iya canja fanni ko makaranta ta hanyar hukumar. Kuna iya shiga kwalejin ilimi ko ta kimiyya da fasaha, daga baya ku wuce jami'a ba tare da sake rubuta UTME ba. Kuna kuma iya sake jarrabawar a shekara mai zuwa, domin sakamakon na shekara ɗaya ne kawai. Idan kuwa an ba ku gurbi, ku shiga shafin hukumar ku amince da shi a kan lokaci.

Ko kuna aji ɗaya, ko biyu, ko uku, akwai abin da za ku iya yi a wannan mako. Ku rubuta fannin da kuke so, ku nemo darussansa huɗu, ku samo manhajarsu, ku tsara jadawali. Allah ya ba da sa'a.

Muhimman kalmomi

Gurbi: wurin da aka tanadar wa mutum a makaranta ko a wurin aiki.
Fanni: ɓangaren ilimi da mutum yake karantawa, kamar likitanci.
Manhaja: jerin abubuwan da za a koya a darasi.
Jadawali: tsarin da yake nuna aikin da za a yi da lokacinsa.
Tantancewa: dubawa domin a zaɓi waɗanda suka cancanta.
Karaya: yanke ƙauna, ko rasa ƙarfin zuciya.

Tambayoyi

1. Mene ne ma'anar karin maganar da ke kan wannan darasi?
2. Kawo ƙofofi uku da mai neman shiga jami'a yake bi.
3. Daƙiƙa nawa kowace tambaya take samu a jarrabawar UTME? Nuna yadda aka yi lissafin.
4. Me ya sa karatu kaɗan-kaɗan kullum ya fi karatun dare ɗaya?
5. Rubuta jimloli biyar da Hausa a kan fannin da kake so ko kike so, da darussan da yake buƙata.