Kukan ƙafar mota: yadda ake gane rulma ya ci, da yadda ake sake shi

Daga Tumur zuwa birnin Difa tafiyar wajen kilomita 75 ce. Idan aka sauka daga kwaltar da ta nufi Ngigmi, sauran hanyar rairayi ce da rani, taɓo da damina. Tsofaffin motoci masu jan ƙafa huɗu, irin su Land Cruiser da Hilux, su ne ke bin ta. Su ke ɗaukar buhunan tattasai daga gonakin bakin Komadugu zuwa kasuwa. Su ne kuma ke kai mace mai doguwar naƙuda daga asibitin ƙauye zuwa babban asibitin Difa. A watan Fabrairu na 2015, da aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar, an hana hawa babur, sai nauyin jama'a ya ƙara komawa kan waɗannan motoci. Tun daga shekarar nan, kwana a daji saboda lalacewar mota ba ƙaramin hatsari ba ne.

Akwai wani ɗan ƙarfe a cikin ƙafar mota wanda bai fi tafin hannu ba, amma yana iya tsayar da tafiya. Sunansa rulma. A Najeriya ana ce masa boris.

Mene ne aikin rulma?

Taya tana ɗaure ne a jikin cibiyar ƙafa. Cibiyar kuma tana juyawa a kan wata gajeriyar sandar ƙarfe. Rulma shi ne ke tsakaninsu. Zobe biyu ne na ƙarfe, da ƴan ganguna masu santsi jere a tsakiya. Su ke gangarawa, su ɗauki nauyin mota da kayanta. A tsohuwar Land Cruiser, irin wadda kamfanin Toyota ya fara ƙerawa a 1984 da waɗanda suka riga ta, kowace ƙafar gaba tana da rulma biyu, na ciki da na waje. Abincinsu giris ne. A bayansu akwai zoben roba mai hana giris fita, mai hana datti shiga.

Me ke kashe shi?

Abu na farko rairayi. Idan zoben roba ya tsufa, rairayi yakan shiga ya gauraya da giris, ya riƙa cin ƙarfe kamar dutsen niƙa. Na biyu ruwa. Cibiyar da ta yi zafi, idan ta faɗa cikin ruwa mai sanyi, takan zuƙi ruwan ciki, giris ya lalace, tsatsa ta kama. Wannan yakan yawaita da damina, da lokacin da Komadugu ta cika ta yi ambaliya, kamar yadda ta yi a 2019. Na uku lodi fiye da kima. Na huɗu mugun ɗauri: noti ya matse ƙwarai, ko ya yi sako-sako.

Alamomin da yake bayarwa

Rulma ba ya mutuwa farat ɗaya. Yakan yi kuka tukuna. Za a ji gurnani daga gaban mota, yana ƙaruwa idan gudu ya ƙaru. A kan kwalta aka fi jin sa, domin rairayi yana ɓoye ƙara. Idan an karya kwana zuwa dama kukan ya ƙaru, galibi ƙafar hagu ce, domin ita nauyi ya koma wa. Idan zuwa hagu ne ya ƙaru, a dubi ta dama.

Alama ta biyu zafi ne. Bayan tafiya, a kusantar da bayan hannu ga tsakiyar kowace ƙafa, a hankali don kada a ƙone. Ɗumi ba laifi ba ne. Amma idan ɗaya ta fi ƴar'uwarta zafi sosai, ko ana jin ƙaurin giris, akwai magana.

Gwajin hannu

A tsayar da mota a wuri mai tauri, a sa waigi a ƙafafun baya. Idan a kan rairayi ne, a shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin jak. A ɗaga ƙafar, a tokare motar da gungumen itace. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

A kama taya da hannu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, a girgiza. Idan ta yi ƙwas-ƙwas, sai wani ya shiga ya taka birki, a sake girgizawa. In motsin ya ɓace, rulma ne. In bai ɓace ba, laifin yana wurin da ƙafa ke juyawa idan an murɗa sitiyari, kuma wannan gyara ne dabam. Daga nan a juya tayar da hannu, a kasa kunne. Mai lafiya tana juyawa shiru. Marar lafiya tana gurza kamar ana niƙa tsaki.

Yadda ake sakewa

Wannan aikin makaniki ne. Amma ya kamata mai mota ya san shi, domin ya tsaya a yi shi daidai.

1. A cire taya da birki. Idan birkin mai faranti ne, a rataye kansa da waya, kada nauyinsa ya ja tiyon mai. Kada a hura ƙurar birki da baki, tana cutar da huhu. A share ta da jiƙaƙƙen tsumma.

2. A buɗe murfin cibiya. Za a tarar da manyan noti biyu, da washa mai kunnuwa a tsakaninsu. A Land Cruiser, kile mai lamba 54 ke kwance su. Masu bugun su da guduma da kurfi suna ɓata su ne.

3. A zaro cibiya, a fitar da rulma biyu da zoben roba. A wanke su da kananzir ko gazuwal. Ban da fetur, saboda gobara.

4. A duba su cikin haske. Idan an ga ƴan ramuka, ko tsatsa, ko ƙarfen ya yi shuɗi don zafi, ya gama aiki. In ba a ga ko ɗaya ba, sabon giris da ɗauri mai kyau sun isa.

5. Idan za a sake, a sake shi duka, har da zoben da ke maƙale cikin cibiya. Sabon rulma a kan tsohon zobe asarar kuɗi ce. A fitar da tsohon da sandar tagulla, a shigar da sabon daidai, ba a karkace ba, har ya zauna.

6. A zuba giris a tafin hannu, a riƙa danna rulma a kai har giris ya ɓullo ta ɗaya gefen. Shafawa a baya kawai ba ta isa ba. Kada a haɗa giris iri biyu. A yi aikin a kan tsabtataccen buhu, a inda iska ba ta kawo rairayi.

7. A sa sabon zoben roba. Tsohon ba ya komawa.

8. A ɗaure noti na farko da ƙarfi, ana juya cibiya, domin rulma ya zauna. Sa'an nan a sassauta, a sake ɗaurewa kaɗan. A sa sabuwar washa da noti na biyu. Ana iya gwadawa da sikelin rataye: a maƙala shi a ɗaya daga cikin kusoshin taya, a ja. A tsohuwar Land Cruiser, cibiya za ta fara juyawa a wajen kilo 3 zuwa 5. In ya yi daidai, a lanƙwasa kunnuwan washa su riƙe noti biyun.

Bayan an mayar da kome, a taka birki sau da yawa kafin a tashi. A yi ƴar tafiya, a tsaya a ji zafin cibiya. Bayan kwana kaɗan a sake gwajin hannu.

Abin da jinkiri ke jawowa

Rulman da aka ƙyale yakan yi zafi har ya manne da sandar ƙafa. A lokacin nan, maimakon rulma kaɗai, sai an sayi sanda da cibiya. Wani lokaci birki ya ƙi kamawa. Wani lokaci ƙafar ta fita ɗungum, mota cike da mutane tana cikin gudu.

Saboda haka muna kira ga direbobi, da ƙungiyoyin manoman tattasai, da kwamitocin lafiya masu kula da motar ɗaukar marasa lafiya: a buɗe ƙafafun gaba a sake giris aƙalla sau ɗaya a shekara, bayan damina, kafin a fara jigilar tattasai. Idan mota ta ratsa ruwa mai zurfi, a duba ta ba da jinkiri ba. A ajiye rulma biyu, da zoben roba, da gwangwanin giris a cikin mota. Fasinja ma da ya ji gurnani a ƙafar gaba yana da ikon ya gaya wa direba tun ana cikin gari, inda akwai makaniki da kayan gyara. Rigakafi ya fi magani.