Kifi cikin ruwan kanwa: abin da masuntan jahar Tawa ya kamata su sani

Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. Duk mai kamun kifi a tabkin Ɗan Dutsi ko na Tabalak, ko a madatsun Mozage da Zango da ke shayar da gonakin Birnin Ƙwanni, ya san idan bazara ta yi ruwa yana ja da baya. Rana tana shanye ruwan, gishirin da ke cikinsa kuwa yana nan, sai ƙara kauri yake yi. Gansakuka ma tana ƙara ma ruwa kaifi irin na kanwa, musamman da la'asar.

Masana suna auna wannan kaifi da ma'aunin da ake kira pH, daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya. Yawancin kifaye suna jin daɗi tsakanin 6,5 da 9. Idan aka wuce nan, wahala ta zo.

Ga dalili. Abincin da kifi ya ci yana barin wata dauɗa mai guba cikin jininsa, sunanta amoniyak. Kifi yana fitar da ita ta jajayen kunnuwan nan da yake numfashi da su. Cikin ruwan kanwa dauɗar ba ta fita da sauƙi, sai ta taru cikin jini har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ban da wannan, kifin yana kasa tsotsar gishirin da jikinsa ke bukata, jinin kansa kuma yana karkata wajen kanwa.

Amma akwai kifayen da suka saba. A jahar Nebada ta ƙasar Amurka akwai tabkin Piramid, mai kaifin 9,4. Wani kifin ruwan sanyi, dangin wanda Faransawa ke kira turwit, yana zaune cikinsa. Binciken da aka buga a 1993 da 1994 ya nuna dabarunsa: yana rage amoniyak ɗin da jikinsa ke yi, yana fitar da wani kashi ta fitsari, kuma ƙwayoyin da ke musanyar gishiri a kunnuwansa suna ƙaruwa.

A nan Afirka, karfasar tabkin Magadi na ƙasar Kenya ta fi shi. Kaifin ruwan ya kai 10. A 1989 aka bayyana cewa wannan kifi yana juya dauɗarsa duka ta zama ure, sinadarin nan na fitsarin mutum wanda manoma suka sani cikin takin zamani, ya fitar da ita ba tare da cuta ba.

Karfasarmu da giwan ruwa ba su da wannan baiwa. Tarwaɗa ta fi su juriya, amma ita ma tana da iyaka. Saboda haka, mai kiwon kifi ya rage abinci da taki lokacin zafi, don kada dauɗa ta yi yawa. Kada a cunkusa kifi cikin ƙaramin ruwa. Idan an kawo ƴaƴan kifi daga wani wuri, a riƙa gauraya ruwansu da na tabkin sannu sannu kafin a sake su. Ƙungiyoyin masunta kuma su shawarci ma'aikatan kula da ruwa da daji, a kwashe manyan kifaye tun ruwa bai ƙafe ba.