Ko Kun Sani? Asuwaki Ya Girmi Buroshi

Tun kafin buroshi ya shigo kasuwannin Kebbe da Tambuwal, da asuwaki ake goge baki. A karyo reshen dogon yaro ko marke, a tauna bakinsa har ya yi laushi ya baje, sannan a bi haƙora ɗaya bayan ɗaya.

William Addis na Ingila ne ya fara ƙera buroshi da yawa don sayarwa wajen 1780, da ƙashi da gashin dabba. A 1857 H. N. Wadsworth ya karɓi takardar mallakar fasahar buroshi ta farko a Amurka. Sai a 1938 aka fitar da mai zaren nailan na kamfanin DuPont, irin wanda ya cika shagunanmu yau.