Kafin Ka Ba da Jingar Gina Madafi

'Yan'uwa manoma, idan kaka ta yi, amfani ya shiga rumbu, an sayar da gyaɗa da wake, akan sami ɗan kuɗi a hannu. A lokacin ne magidanta da yawa a Kunci da Shuwaki da Gwarmai da sauran garuruwanmu sukan tuna da gyaran gida. Mun yi murna da ganin cewa waɗansu sun fara sa madafi cikin lissafinsu, domin a dā shi ne wurin da akan manta da shi. Amma kuɗin kaka sau ɗaya yake zuwa a shekara. Idan ya faɗa hannun magini marar alkawari, ko ya tafi a kan ruɓaɓɓen kaya, sai wata kakar kuma. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi bayani a kan yadda za a zaɓi mai aiki da mai sayar da kaya.

Me ya sa za a damu da madafi?

Uwargida takan yi sa'o'i da dama kowace rana a bakin murhu, sau da yawa da goyo a bayanta. Hayaƙin itace da kara yana ɓata ido, yana kawo tari da ciwon huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda yawancinta daga wutar girki take, ta jawo mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a duniya. Fiye da 237,000 daga cikinsu yara ne waɗanda ba su kai shekara 5 ba.

Ga kuma maganar itace. Ƙasarmu gona ce ta haɗu da gona, ba sauran daji. Karan dawa da na gero da ya kamata a yi danga da shi, ko a bar wa dabbobi, shi ne yake ƙarewa a wuta. Murhun duwatsu uku kuwa yawancin zafinsa iska ce take kwashewa, kaɗan ne yake shiga tukunya. Na uku, gobara. Da hunturu, tartsatsi ɗaya ya isa ya kama zana, daga nan ya haura rumbu. Madafi mai kyau yana rage waɗannan duka. Madafin da aka gina da ganganci kuwa yana iya ƙara su.

A fara shawara a cikin gida

Kafin ka kira magini, kai maigida, zauna da wadda take girkin. Ita ta san tukunyar da take ɗorawa kullum da wadda take ɗorawa ran suna ko biki. Ita ta san ko a zaune take tuƙa tuwo, da inda hayaƙi yake tsayawa, da inda take so a ajiye randa. Mun sha ganin murhun siminti mai kyaun gani an bar shi kaji suna kwana a ciki, uwargida ta koma kan duwatsunta uku a tsakar gida, domin ba a gina shi daidai da tukunyarta ba.

Ku tsai da abin da kuke so tun kafin a yi maganar kuɗi: faɗin ɗakin, irin rufin, yawan bakin murhu, da wurin da za a gina. A nisanta shi da rumbu da dangar kara. Kada ƙofa ta fuskanci gabas, gama daga can hadari ya fi tasowa a ƙasarmu. Idan kuɗi bai isa a yi duka ba, a fara da abu uku, watau murhu, da mafitar hayaƙi, da rufin da ba ya yoyo. Daɓen siminti da kanta da ƙyaure suna iya jiran baɗi. Bangon tubali da aka yi da jar ƙasa mai kyau da ramno ya ishi madafi, ba lalle sai bulo ba.

Yadda ake gane magini na ƙwarai

Kada ka tambayi magini ko ya iya, domin ba wanda zai ce maka bai iya ba. Ce masa ya nuna maka aikinsa guda biyu ko uku waɗanda suka ga damina biyu. Sabon gini kowane iri yana da kyau, ruwan Agusta ne yake tona asirin aiki. Ka tafi da ƙafarka, in da hali uwargida ma ta shiga ta gani, gani ya kori ji.

In ka je, dubi gindin bango ko ruwa ya ci shi. Dubi bangon gabas ko yaɓensa ya zube. Ɗaga kai ka dubi rufi daga ciki: in ya yi baƙi ƙirin, kunkunniya tana rataye, hayaƙi ba ya samun hanya ke nan. Madafi yana bukatar taga biyu a bango biyu masu fuskantar juna, da 'yar kafa a sama kusa da rufi, domin hayaƙi sama yake nema. Sa'an nan ka keɓe da mai gidan, ba a gaban maginin ba, ka tambaye shi abu uku. Kwana nawa aka yi alkawari, kwana nawa aikin ya ci? An ƙara kuɗi a tsakiyar aiki? Da wani wuri ya tsage, ya dawo ya gyara?

Magini na kusa ya fi baƙo mai wucewa, ko da baƙon ya fi araha. Wanda gidansa da gonarsa suke cikin gari yana jin kunyar a nuna ɓataccen aikinsa, kuma mai unguwa ya san inda za a same shi. Inda akwai sarkin magina, a nemi shawararsa. Alamun da za su sa ka ja da baya su ne: mutum ya yanka farashi bai auna wurin ba, ko ya nemi kuɗi duka tun ran farko, ko ya ƙi nuna tsohon aikinsa, ko kuwa yana riƙe da jinga huɗu a lokaci ɗaya.

Murhu shi ne zuciyar aikin

Ba kowane magini ne ya iya murhu ba. Ingantaccen murhu ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Jamhuriyar Nijar, tun shekarun 1980 ake yaɗa murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi, wanda maƙeran gari suke ƙerawa, da na laka mai suna Albarka. A Sakkwato, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta daɗe tana aiki a kan irin waɗannan murhu. Akwai kuma na ƙarfe mai suna Save80, wanda masu yin sa suke cewa yana rage cin itace da kashi 80 cikin 100. Dabararsu duka ɗaya ce: a kewaye wuta da bango, a sa tukunya ta nutse a ciki, zafi ya bi jikinta kafin ya fita.

Don haka awo shi ne kome. Tsakanin tukunya da bangon murhu a bar rata kamar faɗin yatsa ɗaya kewaye. In ta fi haka zafi ya tsere, in ta gaza wuta ta shaƙe ta yi ta hayaƙi. Maginin da ya san aikin zai ce a kawo masa tukunyar gidan ya gina a jikinta. Wanda bai nemi tukunya ba, bai san aikin ba. Murhun laka kuma sai a bar shi ya bushe a hankali cikin inuwa, mako guda ko fiye, kafin a hura masa wuta. Gaggawa ita ce take tsaga shi.

In na ƙarfe za ka saya a wurin maƙeri ko mai walda, tafi da tukunyar kasuwa. Danna jikin murhun da babban yatsa, in ya loɓa, ƙarfen ya yi sirara, wuta za ta cinye shi da wuri. Ɗora tukunyar ka girgiza kamar ana tuƙin tuwo, ka ga ko zai tsaya. In za a sa bututun hayaƙi, kada ya ratsa ta rufin ciyawa, kuma a yi shi yadda za a iya kakkaɓe shi. Wanda ya sami halin sayen tukunyar gas, ya duba shekarar da aka buga a jikinta, domin hukumar SON ta ƙayyade mata shekara 15. A shafa ruwan sabulu a mahaɗarta, in ya yi kumfa tana yoyo, kada a karɓa.

Sayen kaya

Shawararmu ita ce a raba kuɗin kaya da kuɗin aiki. Magini ya faɗi abin da ake bukata, a rubuta, amma kai ka saya, ko ku tafi tare. In ka haɗa masa duka a dunƙule, duk abin da ya rage a kan ingancin kaya ribarsa ce.

Tambayi farashi a wuri uku kafin ka ciro kuɗi. Kaya sun fi yawa a Kano, kwano da ƙusa da ƙarfe a Ƙofar Ruwa, katako a 'Yan Katako na Rijiyar Lemo a kan hanyar Katsina. Amma tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya yi nauyi. Wanda zai sayi kwano falle shida da siminti buhu biyu, sau da yawa Bici ko Dambatta ko Kazaure sun fi masa sauƙi in ya haɗa da kuɗin dako. Dabara mafi kyau ita ce gida huɗu ko biyar su haɗa kai, su sayi bandir ɗaya ko biyu, su ɗauki mota ɗaya. Ƙungiyar manoma ko ta adashin mata tana iya shirya wannan.

Bandir ɗin kwano falle 20 ne, a ƙirga a gaban mai shago. Kwano iri-iri ne wajen kauri, ɗaga falle ɗaya na mai tsada da ɗaya na mai araha, hannunka zai gaya maka. Hayaƙi da tururi suna saurin cin siririn kwano, araha ba ta ado. Buhun siminti kilo 50 ne. Dubi bakinsa ko an farke an sāke ɗinkewa, ka matsa jikinsa, in ka ji dunƙule-dunƙule ya sha raɓa, ƙarfinsa ya ragu. In bulo ne, kankare shi da ƙusa, wanda yake zubar da yashi an cuce shi siminti. Katako kuma ya zama busasshe, marar huji, a shafe shi da baƙin mai saboda gara. In an sami azarar giginya, gara ba ta cika damunta ba. Kowane abu ka saya, karɓi rasit, ka kuma yi magana da mai shago tun farko ko zai karɓi abin da ya ragu.

Yarjejeniya da biya

Kada a ƙulla jinga a bakin hanya. A zauna gaban shaidu biyu, ɗaya naka ɗaya nasa, in da hali da sanin mai unguwa. A rubuta a takarda: aikin da za a yi dalla-dalla, kuɗinsa, ranar farawa da ta gamawa, wanda zai kawo ruwa da ƙasa, da wanda zai ciyar da leburori. Maganar ruwa ba ƙarama ba ce da rani, ita ce takan fara kawo rigima. Kowa ya riƙe kofi, ko a ɗauki hoton takardar da waya. In ta waya ka tura kuɗi, kada ka goge saƙon shaida.

Raba kuɗin aiki kashi uku. Kashi ɗaya kafin alƙalami ran da aka fara, na biyu in bango ya kai rufi, na uku bayan an gwada. Muddin akwai ragowar kuɗi a hannunka, magini zai dawo. Ran da ka biya duka kuwa, sai dai ka yi ta aike. Ka kuma ware kamar kashi ɗaya cikin goma na dukan kuɗin ka ajiye gefe, domin gini ba ya rasa abin da zai taso.

Gwajin ba shi da wuya. Uwargida ta auna ruwa daidai a tukunya ɗaya, ta kasa itace kashi biyu daidai, ta tafasa a tsohon murhu, ta tafasa a sabo, a ga wanda ya rage itace. A tsaya cikin ɗakin wuta tana ci, a ga ko ido yana yaji. A watsa ruwa bokiti biyu a kan rufi, a duba yoyo. In an yi daɓen siminti, a riƙa yayyafa masa ruwa har kwana 7 kafin a fara amfani da shi.

Hakkin mai aiki

Gaskiya tana da gefe biyu. Magini ma magidanci ne mai iyali. Wanda ya matse shi a ciniki har ba abin da zai kai gida, shi ya koya masa ha'inci. In ka sāke shawara a tsakiyar aiki, ka ce a ƙara taga ko a faɗaɗa ɗaki, ka san kuɗi zai ƙaru. In ya cika alkawari, biya shi ran nan, kada ka ce sai kasuwa ta ci. Ka kuma yabe shi wurin maƙwabta, domin ta haka masu aikin kirki suke yawaita a gari.

Lokacin wannan aiki daga bayan kaka ne zuwa ƙarshen hunturu, tun rijiyoyi da kududdufai ba su ja baya ba, magina kuma ba su koma sharar gona ba. Wanda ya bari sai bazara, zai yi gini a guje hadari yana bisa kansa. Masu bukatar a duba musu awon murhu ko a rubuta musu takardar jinga, su yi magana da malamin gona na yankinsu idan ya zo zagaye. Allah ya sa mu ga daminar baɗi lafiya.