Kafin ka canza allon rubutun wayarka

Sabuwar waya a Parakou ko Djougou ba a gida ake fara buɗe ta ba. Wurin yaran da ke gyaran waya ake kai ta, a bakin kasuwar Arzeke ko a wata rumfa cikin Ganou ko Zongo, a ce su zuba mata kaya. Cikin 'yan mintuna sun tura mata WhatsApp da Facebook da TikTok da karatun Alƙur'ani da waƙoƙi ta Xender. A cikin kayan nan sau da yawa har da abin da mai wayar bai nema ba: sabon allon rubutu, wanda masu Faransanci ke ce wa klabiye, mai walƙiya da furanni, mai ƙara idan an taɓa shi, wani ma ana iya sa hoton mutum a bayan haruffansa. Ana kunna shi waya takan fito da gargaɗi cewa wannan manhaja tana iya tattara duk abin da aka rubuta, har da kalmar sirri da lambar katin banki. Yaron ya danna "OK" ya wuce, domin ya saba, mai wayar kuwa yana can yana cinikin kuɗin aiki.

Gargaɗin nan ba wasa ba ne, Android ce da kanta take faɗin gaskiyar yadda abin yake. Sauran manhajoji kowace da ɗakinta: ta kallon ƙwallo ba ta ganin abin da ka rubuta a ta banki. Allon rubutu shi kaɗai yake shiga kowane ɗaki tare da kai. Kakanninmu da suka yi fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja, suna yada zango a Djougou, idan za su aika saƙo gida malami suke nema ya rubuta musu. Kafin a naɗe takardar malamin ya riga ya san wanda ake bi bashi, da wadda ake nema da aure, da inda aka ajiye dukiya. Shi ya sa ba kowa suke zama gabansa ba. Allon wayarka aikin malamin nan yake yi. Mutane suna jin cewa tun 2016 WhatsApp yana kulle saƙo ta yadda kamfanin ma ba ya iya karantawa, sai hankalinsu ya kwanta. Kullewar gaskiya ce, amma sai ka gama rubutu ka danna tura take farawa. Allon ya riga ya ga komai.

Abin da ya sa lamarin ya fi nauyi a wurinmu shi ne kuɗi. Yau ɗan kasuwa a Parakou yana biyan kuɗin doya ko na waken soya ta MoMo, yana karɓar ciniki daga Kwatano ta Moov Money ko Celtiis Cash, ɗan zem, mai babur ɗin haya, ma wani lokaci ta waya ake biyan sa. Mafi yawa kuma ba manhajar kamfanin suke buɗewa ba, lambobin nan masu tauraro suke dannawa, akwati ya fito ya ce a sa adadi, a sa lambar sirri. A wayar Android, abin da ke fitowa ka cike akwatin nan da shi shi ne allon da ka naɗa. Lambar wanda ka tura wa, da adadin sefa, da lambar sirrinka, duk ta hannunsa suke bi. Allon kirki ba ya ajiye su. Amma wannan ya rage ga wanda ya ƙera shi, wayar ba ta da yadda za ta tilasta masa.

An taɓa ganin abin da ke faruwa idan maƙerin ba na kirki ba ne. A watan Disamba na 2017 masu bincike na kamfanin Kromtech suka ci karo da rumbun bayanai na wani allo mai suna ai.type a buɗe a intanet, babu ko kalmar sirri a ƙofarsa. Bayanan mutum miliyan 31 ne a ciki, wato ya ninka yawan al'ummar Benin sau biyu da ɗoriya. Akwai sunaye, lambobin waya, adireshin imel, samfurin wayar kowa da inda yake. Akwai kuma lambobi ɗaruruwan miliyoyi da aka kwashe daga jerin sunayen da mutane suka ajiye a wayoyinsu. Wannan na ƙarshen ne ya fi ci mini rai. Mutum ɗaya ya so allo mai ado, sai lambar mahaifiyarsa da ta malaminsa da ta abokan cinikinsa suka tafi, alhali su ko sunan manhajar ba su taɓa ji ba.

Labarin bai tsaya nan ba. A 2019 kamfanin Upstream, mai aiki da kamfanonin sadarwa wajen tare zamba, ya bayar da rahoton cewa ya tare yunƙurin saye sama da miliyan 14 da suka fito daga wannan allon dai, a ƙasashe 13, mafi yawa a Masar da Brazil. Manhajar tana shigar da mutane rajistar abubuwan biya ba da saninsu ba, tana danna tallace-tallace a ɓoye, tana cin data. Da ba a tare ba, da asarar ta kai kusan dala miliyan 18. Google ya cire ta daga Play Store a watan Yuni na shekarar, amma cirewa daga kanti ba ta goge ta daga wayoyin da take ciki, kuma ba ta hana wani ya ci gaba da tura ta ta Xender. A watan Satumba na 2017 ma kamfanin AdGuard ya nuna cewa GO Keyboard, wanda mutum sama da miliyan 200 suka sauke, yana aika bayanan masu amfani da shi zuwa wasu rumbuna na nesa. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya ɗauki ma'aikata suka ƙera manhaja, ya ba ka kyauta, ya kuma biya kuɗin tallata ta, akwai inda yake mayar da kuɗinsa. Duk wanda kuɗin kiransa ke ƙarewa bai yi kira ba, ko datarsa take zurarewa cikin dare, kafin ya je ofishin kamfanin sadarwa da faɗa ya fara duba abin da ke cikin wayarsa.

Sai wani ya ce to shi ke nan, a tsaya ga allon da ya zo da waya. Ga mafi yawan mutane shawarar da zan bayar ke nan, amma ba don allon asali waliyyi ne ba. A watan Yuni na 2015 kamfanin NowSecure ya bayyana wata kafa a allon da Samsung ke sakawa cikin wayoyinsa, wadda ta shafi wayoyi kimanin miliyan 600. Allon yana sauke sabbin harsuna ta hanyar da ba a kulle ba, don haka mugu da ke kan wifi ɗaya da kai yana iya cusa masa wani abu daban. Kuma ba a iya cire shi, sai dai a jira gyara daga kamfani. A watan Afrilu na 2024 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto a Kanada ta gwada allunan rubuta Sinanci na kamfanoni tara, ta samu takwas suna da raunin da zai sa a iya karanta abin da mutum ya rubuta a kan hanyarsa ta zuwa rumbun kamfani. Cikinsu har da na Xiaomi da OPPO da Vivo da Samsung, na Huawei kaɗai ya tsira. Wannan ya shafi allunan da aka yi wa kasuwar Sin ne, amma wayoyin hannu na biyu da ke shigowa ta tashar jiragen ruwan Kwatano daga ko'ina suke zuwa. Idan ka sayi irinsu ka ga allon yana fito da rubutun Sinanci, canza shi shi ne daidai.

Hujjar tsayawa ga na asali mai sauƙi ce. Kamfanin da ya ƙera wayarka ka riga ka ba shi amana, ko kana so ko ba ka so, tun da shi ya shimfiɗa duk abin da ke cikinta. Naɗa allon wani yana nufin ka ƙara mutum na biyu a kan sirrinka. Sai ka tambayi kanka abin da za ka samu da ya kai wannan. Kuma rabe-raben nan na "na gida" da "na waje" ba shi da ƙarfi kamar yadda ake zato. Gboard na Google shi ne allon asali a wayoyin Android da dama, a wayar Samsung kuwa baƙo ne. SwiftKey ya zo cikin wasu wayoyin Huawei, a wasu wayoyin kuwa sai an sauke shi. Tambayar da ta fi amfani ita ce: wa ya ƙera shi, da me yake cin abinci, kuma yana gyara shi idan an gano aibu?

Manyan ma suna tuntuɓe. A watan Yuli na 2016, 'yan watanni bayan Microsoft ya sayi SwiftKey, wasu suka fara ganin allon yana kawo musu adireshin imel da lambobin wayar mutanen da ba su sani ba. Matsalar ta fito ne daga tsarin da ke ajiye kalmomin da ka saba rubutawa a rumbun kamfani don su bi ka idan ka canza waya. Kamfanin ya dakatar da tsarin ya gyara. Mai waya ɗaya tal ba ya buƙatar wannan ajiya, yana iya kashe ta a saitunan allon, kuma ba dole ne ya shiga da asusunsa ba kafin ya yi rubutu.

Akwai dalili ɗaya na canza allo da nake ganin ya isa dalili, shi ne haruffa. Wayar da aka saita da Faransanci ba ta san Hausa ba. Ka rubuta kalma ta juya ta zuwa wata ta Faransanci, ka goge ka sake, ta sake juyawa, har ka haƙura ka koma saƙon murya. Ba ta da ɓ da ɗ da ƙ, ba ta da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Maƙwabtanmu masu Baatonum da Dendi da Yom da Lokpa su ma suna neman ɛ da ɔ da ŋ, haruffan da ke cikin tsarin rubutun harsunan ƙasa da Benin ta amince da shi tun 1975. Ga ɗalibin makarantar allo da malaminsa da ke son Larabci da wasali. Mutum ɗaya a Parakou yana iya buƙatar harsuna uku ko huɗu a yini guda, kuma wannan buƙatar ce masu allunan bogi ke fakewa da ita, su sa wa manhajarsu suna mai daɗi da tutar ƙasa.

Kafin ka sauke komai, shiga saitunan allon da kake da shi ka duba jerin harsuna, wataƙila abin da kake nema yana nan ba a kunna ba. Gboard yana da Hausa da Larabci da Faransanci, ana sauyawa tsakaninsu da taɓa hoton duniya da ke ƙasan allon. SwiftKey ma yana da Hausa. Ga mai son abin da ya wuce haka akwai Keyman na ƙungiyar SIL, kyauta ne, an yi shi musamman don harsunan da manyan kamfanoni suka manta da su. Kowanne ka zaɓa, daga Play Store ko App Store za ka sauke shi da hannunka, ka duba sunan kamfanin da ke ƙarƙashin sunan manhajar. Gaskiya ne ai.type da GO Keyboard a Play Store suke lokacin da aka kama su, amma na kanti ana iya korar sa kuma yana samun sabuntawa. Wanda aka turo maka daga wayar wani, ba ka san hannun da ya bi ba, ko an buɗe shi an ƙara wani abu.

Duba abin da ke wayarka yanzu ba ya cin minti biyar. A mafi yawan wayoyin Android masu Faransanci ana shiga Paramètres, sai Système, sai Langues et saisie, a ga jerin allunan da aka kunna. A Samsung ƙarƙashin Gestion globale yake. Duk sunan da ba ka gane ba, kashe shi ka cire shi. Sannan ka duba izinin da allonka ya karɓa. Makirfo yana da hujja idan kana rubutu da murya. Amma allon da ke neman karanta saƙonninka na SMS, ko sanin inda kake, ko yin kira, me ya haɗa shi da rubutu? Lambobin tabbatarwa na banki da na WhatsApp ta SMS suke zuwa, kuma su ne abin da 'yan damfarar da ake kira gayman suka fi nema.

Masu iPhone suna da ɗan sauƙi. Tun 2014 Apple ya yarda a sa allon waje, amma yana tsare shi, ba ya barin sa ya aika komai sai mai waya ya kunna abin da ake kira cikakken izini, kuma a wurin sa kalmar sirri wayar takan dawo da allon Apple da kanta. Idan allon yana aiki ba tare da cikakken izinin ba, bar shi a kashe.

Sai wata ɗabi'a da ta yaɗu: mutum ya ajiye lambar sirrinsa cikin wani saƙo, duk lokacin da yake buƙata ya kwafa ya liƙa. Alluna da yawa suna riƙe abin da aka kwafa. Gboard yana riƙewa na awa ɗaya idan an kunna ma'ajiyarsa, wasu kuwa sai an goge da hannu. Wayar da ke yawo tsakanin maigida da uwargida da yara da yaron shago, kowa ya buɗe ma'ajiyar zai gani.

Benin tana da doka a kan wannan. Dokar harkokin dijital mai lamba 2017-20 ta ranar 20 ga Afrilu 2018 ta haramta tattara bayanan mutum ta hanyar yaudara, hukumar APDP ce ke sa ido a kai, cibiyar CNIN kuma tana binciken laifukan intanet. Wanda aka cire wa kuɗi ya kai ƙara komisariya mafi kusa, ya kuma sanar da kamfanin sadarwarsa nan take a rufe asusun. Sai dai mai allon bogi yana iya zama a wata nahiya, inda takardar sammaci daga Parakou ba za ta same shi ba. Saboda haka idan ka gano ka daɗe kana rubutu da allon da ba ka yarda da shi ba, cire shi tukuna, sannan ka canza lambar sirrin MoMo da ta banki da ta imel da sabon allon, ba da tsohon ba. Daga nan ka kira kamfanin layinka su karanta maka duk rajistar biya da ke kan lambarka, ka sa su soke wadda ba kai ka yi ba.