Me Ya Fito Da Mutumin Daga Cikin Hoton?

Hotuna biyu ne na mutum ɗaya, a gindin bishiya ɗaya, da kyamara ɗaya. A na farko yana manne da ganyayen da ke bayansa. A na biyu kuwa, ji za ka yi kamar ka miƙa hannu ka dafa kafaɗarsa. Lens kaɗai aka sauya: aka cire sabo, aka ɗaura Helios 44-2, tsohon lens ɗin Tarayyar Sobiyet mai milimita 58, wanda ake samu a gwanjo da kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Wanda aka fara zargi shi ne faɗin ƙofar haske, tunda Helios na buɗewa har f/2, baya ya dushe. To amma sabon lens mai f/1.8 ya fi shi buɗewa, kuma sau tari hotonsa a shafe yake fitowa. Ke nan dushewar baya ba ta isa hujja ba.

Sai aka bi salsala. Helios kwafin Biotar ne na kamfanin Carl Zeiss da ke Jena a Jamus. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Sobiyet ta kwashi injinan Zeiss a matsayin diyya, masana'antar KMZ ta Krasnogorsk ta shiga ƙera Helios, aka riƙa sayar da shi manne da kyamarar Zenit, miliyoyi. Wannan ya bayyana dalilin araharsa, amma bai ce komai kan zurfin hoton ba.

Amsar tana gefen hoton, inda ba a cika dubawa ba. Lura da ɗigon hasken da ke ratsowa ta ganye. Na tsakiya zagayayyu ne. Na gefe sun matse kamar idon kyanwa, sun jeru suna kewaye mutumin, domin bakin lens ɗin yana datse hasken da ya shigo a karkace. Tsakiya kaifi, gefe laushi da ɗan duhu, sai ido ya zarce kan fuska. Aibin da injiniyoyin yau ke ta fama su kawar, shi ne ke turo mutumin gaba.

Saura gwaji ɗaya. A jingina mutumin da bango da tsakar rana, zurfin ya ɓace ɗungurungum. Ba ya dawowa sai mutumin ya tsaya kamar mita biyu daga kyamara, baya ya yi nisa, haske ya zo ta gefe, kunci ɗaya ya samu inuwa. A ganina rabin aikin na haske ne.

In za ka sayi Helios, haska tocila cikin gilashin ka nemi zaren fumfuna, ka juya zoben ƙofar hasken ka ga ko mai ya jiƙa fukafukanta. Zaren ɗaura lens ɗin M42 ne, adaftarsa kuma araha ce a kyamarori marasa madubi. Mai tsohuwar Nikon mai madubi ya yi hattara: da adafta marar gilashi, abin da ke nesa ba zai fito sarai ba.